Gilashi a Bakin Rijiyar Kanwa

Samarin da suke zuwa rumfata yanzu, kusan dukansu da waya a hannu suke zuwa. Sun ga wani a cikinta ya ɗaga gilashi ga rana, katako ya kama wuta, sai su ce in sayar musu da irinsa, sauran aikin sun iya. Ba na musu da su, don tun ina yaro ni ba mai yawan magana ba ne. Nakan miƙa wa mutum gilasai, in nuna masa tukunya, in ce ya zaɓi wanda zai tafasa ruwa ba tare da ya huda ƙarfe ba. Yawancinsu wanda ya fi ƙuna suke ɗauka. Saboda su nake rubuta wannan, tunda a takarda bakina ya fi buɗewa.

Aikin farko da na yi wa Maigida Gado wankin gilashi ne. Ina kolej a nan Dogon Dutsi a lokacin, kuma hanyata ta komawa gida tana bi ta bayan tasha, inda yake da rumfar gyaran rediyo da tele. Na daɗe ina tsayawa daga nesa ina kallon wani abu da ya kafa a fili: baƙar tukunyar ƙarfe, a samanta faffaɗan gilashi cikin katako, bututu ya fito daga murfinta ya ratsa randa, ruwa yana ɗiga cikin kwalba. Na ga hoton irinsa a littafin lakwal, wato makarantar boko, amma ban taɓa zaton akwai mai cin abinci da shi ba. Ran nan ya kira ni ya ce in dai tsayuwar zan yi ta yi, gara in tsaya da tsumma a hannu.

Ruwan batir yake yi. Rijiyoyi da yawa a fadamarmu ruwansu da kanwa, na famfo ma yana da nasa gishirin, kuma in aka zuba irinsa a batir sai ya kashe shi da wuri. Masu mota, da masu cajin waya, da masu sola a gida duk ruwan da aka tace ta hanyar tururi suke nema. Rana ta tafasa ruwa a tukunya, tururin ya bi bututu, ya huce a cikin randa, ya ɗigo garau, kanwar ta zauna a gindin tukunya. Tukunyarmu tsohuwar tukunyar gas ce da aka yanke, muna shafe ta da baƙin tukunya. Murfin da robar tayar moto, wato babur, muke ɗaure shi. Bututun jan ƙarfe daga mataccen firiji muke cire shi. Waɗannan duk mai hankali zai haɗa su a wuni ɗaya. Gilashin ne sana'ar.

Na tuna wani dillalin tsoffin kaya da ya sauke mana gilasai daga wajen Kamba, a ƙunshe cikin tabarma. Akwai ƙananan lup irin na masu gyaran agogo, waɗanda taba kawai suke iya kunnawa, don hasken da gilashi yake tarawa daidai faɗinsa ne. Akwai masu kauri na tsohon majigi, masu kyau amma faɗinsu bai wuce murfin kwano ba. Sai kuma manyan, na roba, sirara, masu zobe-zobe kamar faifai, waɗanda ake ɓallowa daga fuskar tsoffin tele masu ƙaton baya. Su ne na aiki. Maigida ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu yana neman karce da lanƙwasa. Wanda ya fara komawa rawaya ya tura wa dillali abinsa, ya ce wannan rana ta riga ta ci shi. Sauran ya sa ni in ɗaga su a kan tsohon ruwan hauya, ba a kan katako ba, in auna da kamu daga gilashi zuwa inda hasken ya haɗu. Wanda haskensa yake haɗuwa da nisa sai an yi masa doguwar ƙafa, iska kuwa ta kayar da shi. Wanda yake tara haske kamar ƙwayar gero yakan huda tukunya. Don ruwa, faɗin tafin hannu ake so, saboda haka akan matso da tukunya kusa kaɗan da inda hasken ya fi tsini.

Duk wannan gwajin ni nake dubawa ina gaya masa. Shi ba ya duba. In yana magana da mutum, da gefen fuska yake kallonsa, kamar kaza ta ga shaho. Na ɗauka hali ne, sai da na kwana biyu a wurinsa ya gaya mini dalili. Lokacin da yake sabon hannu yakan zura wa ɗigon hasken ido don ya ga ya zauna daidai. A hankali wani baƙin abu mai kamar kwabo ya zauna a tsakiyar ganinsa. Yana ganin rigar mutum, da hularsa, da hannuwansa, amma wurin fuska babu kome.

Ya ce, "Isuhu, ni duk Dutsi babu mai huska. Da tahiya nika gane ku."

A ranar ya ɗaura mini baƙin gilashin walda da igiya a wuya, ya ce in ya taɓa ganina kusa da tukunya babu shi a ido, in koma lakwal in zauna.

Wani abin da samari ba su gani a waya shi ne juyi. Rana ba ta tsayawa. Babban gilashi mai ƙarfi, in ka saita shi ka je ka sha ruwa ka dawo, hasken ya sauka daga tukunya yana cin ƙafar katakon. Dole mutum ya tsaya yana juya shi kaɗan-kaɗan, musamman daga hantsi ya ɗaga zuwa bayan azahar, lokacin da ake samun mafi yawan ruwan wuni. Gilashi mai ƙarfi mutum yake ci kamar yadda yake cin rana. Kuma ba a kafa shi kusa da zana, ko rumbu, ko inda yara suke wasa. In an tashi aiki a rufe shi da buhu.

Mummunar shekararmu ta zo bayan na gama lakwal na zauna a rumfa gaba ɗaya. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, mutane suna neman hatsi, ba wanda yake tunanin batir. Ga ruwan batir na kwalba ya fara shigowa daga ƙetaren iyaka da arha. Idon Maigida ya ƙara lalacewa har ya daina fita aiki, sai dai ya zauna a inuwa yana sauraron ɗigar ruwa, yana gaya mini in tukunya ta huce. Masu zuwa wurinmu suka koma 'yan tsiraru.

A bazarar shekarar wani saurayi mai suna Umaru ya tsaya da moto a ƙofar rumfa. Ɗan makiyaya ne da suka zauna a wata ruga bayan Kiyeshe, amma shi ya bar kiwo ya kama kasuwancin suga da shayi, ya ajiye gemu, wandonsa bai kai idon sawu ba. Ya ce ba ruwan batir yake so ba, na sha yake so. Famfon da suke ɗiba a ƙauyen kusa ya mutu, ba a gyara ba. Abin da ya rage musu wata tsohuwar rijiya ce mai ruwan kanwa. Manya suna sha suna jurewa, amma ɗiyar wansa, Hwatsuma, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, gudawa ta hana ta tsayuwa. Majo, wato babban malamin asibitin Kiyeshe, ya ba su magani ya ce in ba a canza mata ruwa ba maganin banza ne. Wan nasa ya yi kudu da shanu, sai damina zai dawo. Maigida ya gaya masa gaskiya, cewa tukunyar ba za ta shayar da ruga ba, kwalabe kaɗan take bayarwa a wuni, kuma ruwan lami ne. Umaru ya ce na yarinya ɗaya yake nema.

Na ɗauki gilashinmu mafi kyau, tunda ruwa ake so da yawa kuma da sauri. Da na isa rugar na zaga ina neman wurin kafawa. Bukkoki ne na kara da ciyawa a ƙarƙashin itatuwan gawo, ga harawa a rataye, ga 'yan maruƙa a ɗaure. Babu inda zan ajiye gilashi in juya baya. Wuri ɗaya ne ya dace, wato faƙon da ya kewaye rijiyar, can gaba da rugar. Fili ne fari fat, kanwa ta fito a kansa kamar an barbaɗa gari, ko ƙaya ba ta tsiro a wurin. Rijiyar tana tsakiya, an gitta mata itace a baki, igiyar guga ta sassaƙa shi har ya yi kwari-kwari.

Ina cikin haƙa ramin ƙafafu wani tsoho ya zo ya tsuguna a gefen faƙon. Sunansa Nomau, manomi ne, kakanninsa ne suka ba makiyayan wurin zama, kuma gidansu ne ke kula da rijiyar. Ya tambayi amfanin abin, na yi masa bayani. Ya tambayi lokacin da yake aiki, na ce da tsakar rana ya fi. Sai ya ce rijiyar ba tasa ba ce, ta aljana Doguwa ce, su masu shara ne kawai. Daga lokacin da inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa har ta sake fitowa, ba a ɗiban ruwa a nan, ba a tsayawa. Wanda dole ta kawo shi, kamar matafiyi mai ƙishi, sai ya yi sallama, ya sunkuyar da kai, idonsa a ƙasa. Kada ya ɗaga kai, kada ya waiwaya, har ya bar faƙon.

Umaru ya yi dariya ya ce wannan shirka ce tsagwaronta, shi zai tsaya da tsakar ranar, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya ga mai hana shi.

Nomau ya ce, "Ni ban hana ka ba, ɗana. Gaya maka dai na yi."

Na koya wa Umaru juyi, na nuna masa yadda zai gane hasken ya zauna ta kallon inuwar ƙusa da na kafa a katakon, na rataya masa gilashin walda a wuya. Kafin la'asar kwalbar farko ta cika. Uwar yarinyar, Hajo, ta zo ta karɓa. Hwatsuma ɗiyarta ce ta fari, don haka ba ta kama sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban surukarta, ba ta nuna ta damu. Ta ɗanɗana ruwan ta ce wa Umaru, ustazu, wannan ruwan naka kamar wa'azinka, ba gishiri. Ya ce ta dai kai wa mai shi. Ta miƙa wa Inna, surukar tata, ita ce ta ba yarinyar.

Bayan wasu makonni, ranar kasuwa, wani makiyayi ya kawo mini saƙo cewa in je in kwashe kayana, Hajo ta yi gamo. Ashe Umaru ya tafi sarin kaya, tafiyar ta ja shi fiye da yadda ya yi niyya, kuma babu namiji a rugar da zai yarda ya taka faƙon da tsakar rana. Yarinyar kuwa ta fara samun sauƙi. Sai Hajo ta ce wa surukarta za ta itace, ta riƙa zuwa tana juya gilashin da kanta. Na gaya wa Maigida. Ya ce in na je in sa ta rufe ido ɗaya ta buɗe ɗaya, in kuma tambaye ta ko abin yana bin ta duk inda ta duba.

Da hantsi na isa. Umaru ya dawo, kuma rugar ta rabu. Inna tana so a kira masu goge su zo su roƙi wadda aka ɓata wa rai. Umaru ya rantse ba za a kaɗa goge a gidan wansa ba, ruƙiyya za a yi. Nomau yana zaune a tabarma, maganarsa ɗaya ce, a ɗauke gilashin daga faƙon yau. A wannan kam Inna tana tare da shi. Hajo tana cikin bukka ta fuskanci zana. Da aka ba ni izini na tsuguna a bakin ƙofa na gaishe ta, na tambaye ta abin da take gani.

Ta ce wani abu ne baƙi, dogo, siriri. Ya fara bayyana ne a bakin rijiya, ta dawo gida ya biyo ta. In ta dubi mutum sai ya shiga tsakaninsu ya tare fuskarsa. In ta dubi ƙwarya yana cikin ƙwaryar. Na sa ta rufe ido ɗaya, ta ce yana nan, ta rufe ɗayan, ta ce nan ma yana nan, sai dai ya fi duhu a dama. Na tambaye ta gilashin walda, ta nuna shi a rataye a jikin zana. Ta ce ta sa shi ranar farko, duniya ta yi baƙi ƙirin da rana tsaka, ba ta ganin kome sai ɗigon wutar, kuma ga rijiya a bayanta. Ba ta iya ba. Ta cire shi, ta yi yadda Nomau ya ce, ta sunkuyar da kai, ba ta ɗaga ba, ba ta waiwaya ba, tun daga farkon aiki har ƙarshensa, kullum.

Mai juya gilashi in ya sunkuyar da kai, tukunya yake kallo.

Na ce musu wannan ciwon maigidana ne, haske ne ya ƙone mata tsakiyar ido, na ba su labarinsa. Inna ta saurara har na gama, sannan ta ce to, ashe maigidan naka shi ma ya gan ta. Hajo ta tambaye ni daga cikin bukka ko na maigidana yana motsi. Na ce a'a, kamar kwabo yake, a zaune. Ta ce nata yana rangaji, kuma da tsakar rana tsawo yake ƙarawa.

Nomau ya sake cewa a kwashe. A nan Hajo ta juyo, a gaban surukarta, ta yi maganar da ba a saba ji daga uwar 'yar fari ba.

Ta ce, "Baba, in an kwashe, mi za ta sha?"

Rana kuwa tana ɗagawa, kuma kwalbar ranar babu kome a ciki. Na ce bari in je in juya na yau, in duba kayan.

Na shiga faƙon inuwata tana gajercewa. Abin da na fara gani shi ne baƙin da na shafa wa tukunya ya ƙone ya kakkaɓe, ƙarfen ya fito yana walƙiya kamar madubi. Sannan zafi ya sa katakon ya ɗan karkace, gilashin ya lanƙwashe, hasken ba ya zama da'ira, ya miƙe dogo siriri a jikin tukunyar. In iska ta taɓa robar sai ya yi rangaji. Na ce a raina ga tsawon, ga rangajin. Na shafa sabon baƙi, na gyara katako, na cika tukunya, na sa gilashin walda.

Ban taɓa sa shi a wuri irin wannan ba. A rumfarmu akwai ƙarar motoci da masu talla. A nan, da inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, sai kome ya ɗauke. Kurciyoyin da suke kuka a gawo suka yi shiru. Daga rugar ba a jin ko kukan maraƙi. Ina tsaye cikin duhu, rana tana dukan ƙeyata, ba na ganin hannuna, sai ɗigon wuta ɗaya kore-kore a gabana. Ruwa ya fara tafasa. Sai na ji daga bayana, wajen rijiya, ƙarar igiya tana gogar itace, a hankali, kamar mai jan guga da ba ya sauri. Ta tsaya. Ta sake. Daga nan na ji abu ya taɓa ruwa can ƙasa.

Na cire gilashin walda. Ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba, sai da hasken tukunya ya soke mini ido. Na ciro hulata na kare fuska da ita, na ci gaba da juyi ina kallon inuwar ƙusa ta gefen hular. Ban waiwaya ba. Da inuwata ta fito na rufe gilashin da buhu, na ɗauki kwalba na fita. A lokacin na dubi rijiyar. Babu guga a bakinta, babu sabon sawu a kan kanwar sai nawa. Da na gaya wa Umaru ya ce tsuntsaye ne masu sheƙa a bangon rijiya, suna turo tsakuwa. Mai yiwuwa ne. Na tambaye shi ko shi ma yakan ji, ya ce shi karatu yake yi da ƙarfi, ba ya jin kome.

Na roƙi Nomau ya ba ni 'yan kwanaki, na ce zan kawo abin da ba ya bukatar mutum a faƙon. Ya ce shi ba mai bayar da kwanaki ba ne, amma ya ji. Umaru ya yarda ya ajiye kasuwa ya riƙe juyin kafin in dawo, ya kuma kai Hajo wurin majo. Majo ya ce sai likitan ido a Doso, kuma ko can ba su da abin yi da yawa, wani lokaci tabon yakan ragu da kansa, wani lokaci ya zauna.

A rumfa na zayyana wa Maigida kome, har da ƙarar igiya. Ya ce in shiga bayan rumfa, ƙarƙashin matattun tele, akwai wani gilashi da ya jefar tun tuni. Na zaro shi na wanke. Maimakon zobe-zobe, layuka ne a jikinsa a miƙe, kuma ba ya tara haske wuri ɗaya, sai dai ya ja shi ya zama layi kamar sanda. Ko takarda da ƙyar yake ƙonawa, shi ya sa Maigida yake ce masa malalaci. Amma in aka kwantar da shi tsawonsa daga gabas zuwa yamma, rana tana tafiya layin yana zamewa a kan tsawonsa, ba ya sauka gefe. Na ajiye tukunya, na samo bututun ƙarfe mai faɗi na toshe bakinsa, na kwantar da shi a ƙarƙashin layin, na yi masa inuwar kwano a gefe biyu yadda mai tsaye ba zai ga hasken ba ko ya sunkuya. Na gwada shi a fili, na cika da safe, na hana kaina taɓa shi har la'asar. Ruwan da ya bayar bai kai rabin na wancan ba. Na auna shi da abin da ƙaramar yarinya take sha a wuni na bazara. Ya isa, babu ragi.

Ranar da na kafa shi Nomau ya zo ya zaga shi. Ya tambaya ko akwai mai tsayawa, na ce babu, a cika da safe a ɗauka da la'asar. Ya ce to, ya kama hanyarsa. Umaru ya dubi kwalbar farko ya ce yanzu ko na shayi ba za a samu ba. Hajo ta ce masa ai ustazu ba ya tsoron rijiya, ya je ya ɗebo da tsakar rana ya dafa. Babban gilashin na naɗe shi cikin tabarma na ɗaura a moto.

Malalaci yana da bukata ɗaya. Hanyar rana tana gusawa arewa ko kudu da tafiyar watanni, don haka akan je a ɗan karkata shi. Gab da faɗuwar damina na koma don wannan. Na gama da la'asar, hadari yana haɗuwa a gabas, na biya rugar in yi sallama. Hajo tana zaune a ƙofar bukka tana zuba ruwan kwalba a ƙaramin kofi, ta sa yatsa a bakinsa don ta ji in ya cika. Na tambaye ta ido, ta ce abin yana nan, ya rage tsawo dai, amma har yanzu shi ke tare mata duk abin da ta duba. Hwatsuma ta zo da gudu ta karɓi kofin da hannu biyu ta kafa kai.

Inna ta tashi ta zaga bayan bukka kwance maraƙi. Hajo ta saurara har takunta ya yi nisa, sannan ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, "Malam Isuhu, duba mini huskar yarinyar ga. Ƙafafunta ina gani, sun yi ƙwari. Kumatun sun ciko?"

Na tsuguna na duba da kyau. Ruwa yana gangarowa ta haɓarta, tana kallona ta saman kofin.

Na ce, "Sun ciko."

Ta ce, "Duka biyu?"

Na ce duka biyu. Ta miƙa hannu ta lalubo kan yarinyar, ta shafa kuncin dama, ta shafa na hagu, ta janye hannun kafin Inna ta dawo.